Daga tele ta lakwal zuwa salula: me ya sa ɗalibanmu na injiniya ke ɗari-ɗari da karatu daga nesa?

 

Akwai wata gardama da ke tasowa duk lokacin da ɗalibanmu sunka zo hutu gida. Iyaye na cewa yaro ya wuni ya kwana da salula a hannu, amma da an ce mishi malami zai ba da darasi ta cikin salular nan sai ya ɓata rai. Wasu manya kuma na ganin ƙyuya ce kawai. Abin ya fi ɗaure kai ga masu karatun injiniya, wato masu koyon aikin lantarki, gine-gine, kanikanci, haƙar ma'adinai da ilimin kwamfuta. Na'ura ita ce sana'arsu. In da akwai wanda ya kamata ya yi marhabin da karatu ta intanet, ai su ne. Amma in ka zauna da su, sai ka ji suna ja da baya.

A ganina ja da bayan nan yana da tushe, kuma tushen yana cikin tarihin ƙasarmu. Nijar ba baƙuwa ba ce ga koyarwa ta na'ura. Muna cikin ƙasashen farko a Afirka da sunka gwada ta, tun kakannin ɗaliban yau suna yara. Mun ga yadda abin ke yin kyau, mun kuma ga yadda yake mutuwa. Ku biyo ni mu bi sawun labarin, sa'an nan mu dawo ga yaranmu.

RADIYO DA MAI JAN HIRA

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Malamai ƙalilan ne, ƙasa ga faɗi, hanyoyi ba kyau. Shugaba Diori Hamani shi kansa malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, don haka ya san girman ramin. Horar da malami guda yana cin shekaru, yara kuwa ba su jira.

Na'urar farko da anka jingina da ita radiyo ce. Gidan radiyon Nijar ya fara aiki a 1958, kuma a 1962 anka kafa ƙungiyar Radio-Clubs du Niger. Tsarin mai sauƙi ne. A gari, mutane su taru da dare gaban akwatin radiyo guda, a saurari shiri kan noma, lafiya, kiwo ko haraji cikin harshen gida. In shiri ya ƙare, mai jan hira, wanda galibi mushen lakwal ne ko wani ma'aikaci na garin, ya buɗe muhawara. Ana ɗaukar maganar mutane da na'ura, a aika Yamai, a saka ta cikin shiri na gaba. Manomi ya ji muryarsa ko ta maƙwabcinsa a radiyo.

Ku riƙe abu guda daga nan, don za mu sake haɗuwa da shi: akwatin ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai mutum kusa da shi, akwai jama'a kewaye da shi, kuma magana tana tafiya tana dawowa.

TELE TA LAKWAL

A 1964 anka ɗauki mataki mafi girma. Da kuɗi da ma'aikatan Faransa anka kafa Télévision scolaire du Niger. Jama'a da yawa ba su san cewa tele ta shigo ƙasar nan don karatun yara ba ne. Ba a kawo ta don labarai ko wasan kwaikwayo ba. An fara gwaji da aji ƙalilan a cikin Yamai, daga baya anka faɗaɗa zuwa kamar aji 20 a garuruwan da ke kewaye da birnin, yara wajen 800. Wani Bafaranshe mai suna Max Egly ya jagoranci aikin.

Yadda abin ke tafiya shi ne: a Yamai akwai gwanayen koyarwa, masu zane da masu ɗaukar hoto, suna shirya darussa gajeru, ƙasa da minti 15 kowane, ana watsa kamar huɗu a wuni. A cikin aji kuwa ba cikakken malami ne ba. Saurayi ne mai satifika ta firamare, anka ba shi ɗan horo, ana ce mishi moniteur. Shi ke kunna akwati, shi ke shirya yara kafin darasi, kuma in anka kashe akwati shi ke sa su maimaita, su yi wasa da abin da sunka gani, su rubuta, su ƙidaya.

Masana daga ƙasashen waje sun zo sun duba, sun yi rubutu a kai. Abin da ya fi burge su shi ne yaran suna son zuwa lakwal, ba su gudu, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci fiye da na ajin gargajiya. A shekarun nan wurare kaɗan ne a duniya ke irin wannan gwaji, kamar tsibirin Samoa na Amurka da ƙasar Salbado. Kodibuwa ta ɗauki darasi daga Nijar ta buɗe tata a 1971, da cibiya a Buwake, ta kai ta ga dubban azuzuwa.

Sai dai akwatin tele yana cin wuta, ƙauye kuwa babu kuran. Da farko da batir ake aiki, batir kuma yana ƙarewa, yana da tsada, sai an yo jigilarsa. A 1968 anka ɗora farantin hasken rana a wata lakwal kusa da Yamai don ya ciyar da tele. Wannan yana cikin karon farko da anka yi amfani da irin farantan nan don aikin ƙauye a Afirka. Panon da kuke gani yau bisa rufin shaguna da masallatai a Matankari, ɗaya daga cikin ƙofofin da ya shigo ƙasar nan ta ajin yara ce.

A daidai wannan zamani akwai ɗan ƙasa da ke tunanin abin ta wata fuska. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fizik, ya fitar da littafinsa L'éducation en Afrique a 1964, shekarar da tele ta lakwal ta fara. A ciki ya kare koyarwa da harsunan Afirka da haɗa karatu da aikin hannu. Daga 1969 ya riƙe ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana, inda ake ƙera abin dumama ruwa da murhun rana a nan gida. Shi damuwarsa ita ce ƙasa ta samu mutanen da za su ƙera na'ura su gyara ta da hannunsu. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

ME YA KASHE TA?

To, abin da ya yi kyau haka, ina ya tafi?

Yara sun koya, wannan ba a musu. Abin da ya gagara shi ne riƙewa. Shirya darasi a tele yana son kuɗi kullum, da kayan aiki da ake sayowa waje, da gwanaye waɗanda mafi yawansu baƙi ne. Aikin ya girma a gefe, bai shiga jinin ma'aikatar ilimi ba. Malaman da sunka yi shekaru suna horo ba su ji daɗin ganin mai satifika yana riƙe da aji ba. Yaran tele kuma, a ƙarshe, jarrabawar tsohon tsari ce ke jiransu, wadda ta fi ba rubutu da hadda ƙarfi. Da Faransa ta fara janye hannunta a farkon shekarun 1970, ƙasa na fama da fari da yunwa, nauyin ya faɗo kan baitulmalin da ba shi da ƙarfi. An ci gaba na ƴan shekaru, amma adadin azuzuwan bai taɓa kai abin da anka yi mafarki ba. A zamanin Seyni Kountché anka juya kayan aikin zuwa gidan tele na ƙasa, wanda ya zama Télé Sahel a 1979. Kodibuwa ma ta rufe tata a 1982, bayan ƙorafin iyaye da malamai.

Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Akwati in ya lalace a ƙauye, sai an jira mai gyara daga birni. In mai gyaran ya koma ƙasarsu, akwati ya zama wurin ajiye alli. Duk wanda ya yi lakwal a karkara ya san irin kayan nan: wata na'ura a lungun ofishin direkta, an lulluɓe ta da ƙyalle, kowa ya manta ranar da ta yi aiki na ƙarshe.

ZAMANIN TAURARON ƊAN ADAM

Karo na gaba ya zo ne ta jami'a. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da Université virtuelle africaine, kuma jami'ar Abdou Moumouni ta samu cibiyarta. Malami yana Amurka, Turai ko Kanada, darasinsa na sauka ta tauraron ɗan adam, ɗalibai na zaune a ɗaki guda a Yamai suna kallo. A shekarun 2000 jami'ar Laval ta Kanada ta koyar da ilimin kwamfuta ta wannan hanya ga ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da na Nijar. Ƙungiyar jami'o'in Faransanci, AUF, ita ma ta buɗe cibiya a Yamai inda mutum ke iya yin rajista da wata jami'ar waje ya yi karatu bai bar ƙasa ba. Mutane sun samu diploma ta nan, wasu suna aiki da ita har yau. Amma duk wannan a Yamai yake, a ɗaki mai kuran da intanet, kuma akwai biya.

A gefe guda makarantun injiniya na zahiri suna tasowa. EMIG, makarantar ma'adinai, masana'antu da ilimin ƙasa, ƙungiyar CEAO ce ta kafa ta, ta buɗe ƙofa a Yamai a 1990, daga baya ta dawo hannun Nijar. A 2008 anka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda sunka zama jami'o'i a 2010. A 2014 anka ƙara na Agadas, Diffa, Tillaberi da tamu ta Dosso, wadda anka ba ta fannin fasahar sadarwa da kwamfuta. Nan ne ɗiyan Arewa masu son aikin injiniya ke tafiya bayan bak. Kuma abin da ke kai su can, baya ga malami, shi ne atiliye da labo: injin da za ka taɓa, waya da za ka haɗa, siminti da za ka kwaɓa ka gwada ƙarfinsa.

SHEKARAR KORONA

Sai ga 2020. Ranar 19 ga Maris anka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar, kuma daga 20 ga wata anka rufe makarantu duka, tun daga na yara har jami'a. Ba a koma aji ba sai 1 ga Yuni. A ƙasashe masu ƙarfi, karatu ya koma intanet cikin kwanaki. A nan, ɗalibai da yawa sun kama hanyar gida, kuma abin da ya rage tsakaninsu da malamai shi ne WhatsApp: a turo takardar darasi, a turo murya, wanda ya samu ya tura ma ɗan uwansa.

Ku auna ɗalibin lantarki da ya dawo wani ƙauye na kwamin ɗin Matankari. Kwamfuta ba shi da ita, a makaranta yake amfani da ta labo ko ta aboki. Salula sai an kai ta shagon mai caji. Rezo yana zuwa yana tafiya, wani wuri sai ka hau tudu. Bidiyon darasi na awa guda yana cinye ɗaruruwan mega, kuma kuɗin megan nan daga aljihun uba manomi za su fito, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana tanadin iri. Zanen injin da anka yi don babban allo, shi a tafin hannu zai karanta shi. A gida kuma ba wanda zai gan shi zaune da waya ya yarda aiki yake. Ga sharar gona, ga aike. Ga ɗiya mace abin ya fi nauyi, don aikin gida ba ya barin ta ta zauna awa biyu a wuri guda.

Abokin karatunsa da ke Yamai, gidansu da kuran da wifi, bai ga wannan wahala ba. A aji kujera guda suke zama, malami guda suke saurare. Da anka ce kowa ya yi karatu daga gida, sai bambancin gidajen ya shigo cikin sakamako. Ɗaliban karkara sun ga wannan da idonsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ba a gama mantawa da korona ba, a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar muna, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kafin lokacin, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasa ke amfani da ita daga can take zuwa. Sai a Maris na 2024 anka maido ta. Ko a lokacin lafiya, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Ɗalibin injiniya ya fi kowa sanin ma'anar waɗannan alƙaluma, don su yake karantawa.

ABIN DA SUKE SO DA ABIN DA SUKE ƘI

In ka saurari ɗaliban nan da kyau, za ka tarar ba na'ura suke gudu ba. Su ne ma kan gaba wajen amfani da ita. Lissafin da bai shiga kai ba a aji, a YouTube suke neman wani malami ya sake bayyana shi. Littattafan da laburare ba shi da su, a salula suke yawo daga aji zuwa aji. Wasu sun koyi rubuta manhajar kwamfuta da zanen gini su kaɗai, da dare, lokacin da mega ta fi araha. Har Turancin Ingilishi wasu sunka koya ta haka, tunda yawancin bidiyon fasaha da shi ake yi, mu kuwa da Faransanci munka taso. Wannan duka karatu ne daga nesa, kuma ba wanda ya tilasta musu.

Inda suke tsayawa shi ne in anka ce allo zai maye gurbin atiliye. Walda ba ta koyuwa da kallo. Sai hannu ya ji nauyin ƙarfe, ido ya saba da tartsatsi, ka ɓata guda goma kafin na sha ɗaya ya yi kyau. Mai awon ƙasa sai ya dasa na'urarsa cikin rana da iska. Mai lantarki sai ya haɗa waya ba daidai ba, fiyus ya ƙone gaban malami, ya gane kuskurensa a inda ba za a rasa rai ba. Mu a Arewa ba sai an yi muna dogon bayani ba. Ɗan maƙeri shekara nawa yake yi yana zuga kafin a miƙa mishi guduma? Almajiri ma tattaki yake yi zuwa wurin malam, ko da littafin yana gidansu, don karatu a bakin malam ake ɗaukarsa.

Akwai kuma tsoron takarda. Ɗalibi na tambayar kansa: in na fito da diploma ta intanet, mai ɗaukar aiki zai dube ta da ido guda da ta wanda ya zauna aji? Wa ya tsare jarrabawar? Iyaye sun sayar da dabba, sun sayar da wake, don a samu takardar da za ta buɗe ƙofa. Ba wanda ke son gwaji da wannan.

Sai zargi na ƙarshe, wanda ba kasafai ake faɗinsa a fili ba. Ɗalibai na tsoron kada karatu daga nesa ya zama hujjar ƙin gina aji, ƙin ɗaukar malamai, ƙin sayen kayan labo. Tarihi bai ƙaryata su ba: a 1964 ma ƙarancin malamai ne ya kawo akwati.

INDA ABIN YA YI NASARA

Mu leƙa inda karatu daga nesa ya kafu ya daɗe. A Ingila, Open University ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, tana koyarwa ta radiyo, tele da wasiƙa. Amma ga masu kimiyya da fasaha, akwatin kayan gwaji take aika musu har gida, kowane ɗalibi yana da malami mai kula da shi a yankinsu, kuma akan tara su na ƴan kwanaki a wata jami'a su yi aikin labo. A Najeriya, jami'ar karatu daga gida da anka kafa a 1983 an dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 anka farfaɗo da ita, kuma da cibiyoyin karatu a jihohi take tafiya. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, amma sai da ta gina ɗakuna a garuruwa daban daban, masu wuta da intanet da ma'aikata, inda ɗalibi zai je ya zauna da ƴan uwansa.

Kun ga abin da ya haɗa su? Shi ne abin da Radio-Clubs sunka gane tun 1962, shi ne kuma aikin moniteur a ajin tele: wuri guda, wuta tabbatacciya, mutum a kusa, da hanyar maida tambaya. Duk inda anka cire waɗannan anka bar ɗalibi shi da allo, masu hali ne kawai ke tsira.

TO, MU A MATANKARI FA?

Karatu daga nesa ba zai koma inda ya fito ba, kuma muna da bukatarsa fiye da mutanen birni. Dogon Dutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 250. Akwai wanda ya samu bak amma kuɗin zama birni sun gagara. Akwai ɗiya mace da iyaye ba su yarda ta yi nisa ba. Akwai mushe da ma'aikacin lafiya da ke son ƙarin ilimi ba tare da barin aiki ba. Ƙofa ce da bai kamata a rufe ba.

Abin da ya kamata mu nema shi ne a yi shi yadda zai tsaya. Ba abu ne da ya fi ƙarfin kwamin ko ƙungiyar ƴan asalin gari ba a samu ɗaki guda, da pano da batir, da kwamfuta ƴan kaɗan, da intanet da ake biya tare. Darussa a sauke su sau ɗaya a ajiye, kowa ya kwafa, maimakon mutum ashirin su sayi mega don bidiyo guda. Makarantu kuma su raba abin biyu: abin da ake iya koya da kunne da ido a turo shi, abin da ke son hannu a tara ɗalibai a atiliye a yi shi gaba da gaba, jarrabawa kuma a zauna a yi ta a gaban mai tsaro.

Kuma tun ranar da za a sayi kayan, a yi tambayar da ba a yi ba a zamanin tele: wa zai gyara? Da wane kuɗi za a sake batir in ya mutu? A nan ne maganata take komawa kanku, ɗalibai. A 1964 ƙasar nan ba ta da injiniyoyin da za su riƙe akwatin, shi ya sa da baƙi sunka tafi abin ya bi su. Yau akwai ku. Mai karatun lantarki ya iya auna yawan panon da ɗaki ke bukata. Mai ilimin kwamfuta ya iya haɗa ƙaramin rezo na cikin gida wanda ba ya bukatar intanet kullum. A lokacin hutu, ɗalibin shekara ta uku ya iya zama moniteur ga ƙannensa na lise masu shirin bak. Kuna da gaskiya da kuke ƙin a ba ku allo a madadin atiliye, ku ci gaba da faɗin haka da babbar murya. Amma gyaran abin da kuke kuka da shi, wuta da rezo da na'urar da ba ta jure ƙura da zafi, shi ne ainihin aikin da kuke koyo. Abin da Abdou Moumouni ya yi ta nema ke nan.

Iyaye kuma, in kun ga yaro ya ƙura ma salula ido da bik da kaye a gefensa, ku ɗan saurara mishi da aike. Mai yiwuwa yana aji ne.

A ƙarshe ina roƙon dattawanmu. In akwai wanda ya zauna ajin tele, ko ya yi moniteur, ko ya ja hirar Radio-Club a wani gari na Arewa, ya ba mu labari yadda abin ya kasance a wurinsu. Yawancin abin da anka rubuta kan wannan tarihi baƙi ne sunka rubuta shi, da Faransanci da Ingilishi. Muna son mu ji shi daga bakin waɗanda sunka zauna gaban akwatin. Ɗalibai ku ma ku faɗi naku: wane darasi kuke yarda a turo muku ta waya, wane ne kuma sai an haɗu?

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya sa damina ta yi albarka. Sai mun sake haɗuwa.